Farin Ƙyalle a Filin Jirgi

Jikokina in suna son su ji na yi faɗa, sai su tambaye ni aikin da na yi da ƙuruciyata. In na ce ni mai tsaron filin jirgin feshi ne, sai su dubi juna su kwashe da dariya. Babbansu, mai tuƙa tarakta a Damazin, ya taɓa ce mini da Larabcin nan nasa mai santsi, "Ya Jiddi, wato dai kaɗa tuta?" E, kaɗa tuta. Su ɗin ne kuma ke dawowa daga kasuwa suna ƙorafi, wai Larabawa na yi musu tsiya, ƙauyenmu ne kaɗai ake zuwa Juma'a da hula zalla, ko liman ba ya naɗa rawani. Sun ɗauka wata al'ada ce da kakanni suka ɗauko daga yamma. Ba daga yamma ta zo ba. A nan ta fara, ina gani, kuma daga filin jirgin nan da suke rainawa ta fito.

Ku cire tunanin filin jirgin Hartum daga ranku. Namu doguwar shara ce kawai a bayan tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga kudu da Sinnar, a kan hanyar Abu Hujar. Babu kwalta, babu bene mai gilashi, babu mai magana da matuƙi ta rediyo. Rumfar kara ce ɗaya, da gangunan mai da na magani, da mutum biyu. Matuƙi yana sama shi kaɗai da Ubangijinsa, ba ya jin kowa, ba wanda ke jin sa. Abin da muka nuna masa daga ƙasa, shi ne iyakar saninsa.

Baba Tukur ne ya ɗauke ni, lokacin ina magidanci da mata da ɗiya guda, na gaji da yasar tur'a da tsinkar audugar wasu. Shi ya fara aikin tun zuwan Turawan farko da jiragensu. Gajere ne, mai saurin fushi, ba ya yabon kowa. Ran da na fara na zaci tuta zai miƙo mini. Sai ya ce in tuɓe takalmi.

"Mi za ni yi ba takalmi, Baba?"

"Karatu za ka yi," in ji shi. "Da dunduniya aka karanta wanga fili, ba da ido ba."

Haka muka taka filin daga wannan kai zuwa wancan, yana gaba yana caka sandar ƙarfe, ina biye ina danna dunduniya. Baƙar ƙasar nan tamu munafuka ce. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa. In ta sha ruwa, rana ta buga ta, sai samanta ya yi ɓawo, fes kamar daɓe, cikinta kuwa tuwo ne. Mutum zai wuce a kai, jaki ma zai wuce. Jirgi mai gudu ba zai wuce ba. In sanda ta shige da sauƙi ta fito da laka a jikinta, ranar babu sauka ko da wa ya zo. Kowace safiya sai an yi wannan tafiya, ana cike tsaga, ana rushe sabon suri, ana tsince ƙashi da ƙaya, ana kwashe mushe don kada shirwa da ungulu su taru. Na yi wata da watanni a kan wannan kafin ya yarda na taɓa tuta.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tuta ja, tuta fara. Doguwar gora mai wani buhun zane a kanta da iska ke hurawa, mu muna ce masa hannun riga, shi ke gaya wa matuƙi inda iska ta fito, don da fuskantar iska ake sauka, haka ma ake tashi. In hannun rigar ya yage, sai mu hura wuta mu zuba ɗanyar ciyawa, hayaƙi ya yi aikin. Akwai famfon hannu na ɗura magani. Sai kuma babban abin, farin ƙyalle na dammuriya, yadin nan mai kauri da ake saƙawa a ƙasar nan. Dogo ɗaya ana shimfiɗa shi bisa tsawon fili a danne da duwatsu, ma'anarsa an taka, an duba, sauko. In fili ya ɓaci, sai a ɗauko na biyu a gitta shi a tsakiyar dogon, ma'anarsa kada ka kuskura. Akwai wasu na ajiya a cikin akwati. Baba Tukur yana wanke su da kansa, bai yarda matarsa ta taɓa ba, wai za ta sa shuni ta ɓata musu fari.

Matuƙa su ma suna da nasu ladabin, kuma da shi ake sanin wanda zai tsufa. Ba a faɗowa fili kai tsaye. Sai ka zo ta bisa, ka kewaya ta hannun hagu, ka dubi ƙyalle, ka dubi hannun riga, ka duba ko akwai dabba ko wani jirgi, sannan ka juyo ka sauka. Kowa ta hagu yake kewayawa, don kada biyu su yi karo a kan hanya ɗaya. Mai sauka shi ke da fili, mai tashi ya jira, ko da injinsa na ci da wuta. Wannan jiran ni ke tilasta shi da jar tuta, ina tsaye gaban farfela tana neman tuɓe mini riga. Akwai wani hawaja, wato Bature, jajur mai gaggawa da ya taɓa zuwa ta dama, ƙasa-ƙasa, lokacin da ɗan'uwansa ke tasowa da cikakken tanki. Na ga inuwarsu ta haɗu a ƙasa. Allah ne ya raba su. Da ya sauko, Baba Tukur ya wanke shi tas da Hausa, shi kuwa yana ta gyaɗa kai, don ko bai ji kalma ɗaya ba ya san ba addu'a ake yi masa ba.

Dabbobi kuwa sai wanda ya gani. Makiyayi yana ganin fili a share, sai ya ɗauka don raƙumansa aka yi. Jaki in ya ga dama ya tsaya tsakiyar fili, ko ka karanta masa Yasin ba zai motsa ba. Mata masu ɗebo ruwa sun fi son ratsawa ta ciki don ya fi kusa. Duk wannan da baki da sanda da roƙo ake fama da shi, kuma duk wanda ka kora ɗan'uwa ne ko suruki, da yamma za ku haɗu a masallaci.

Ranar da ba ni da aikin fili, sai a tura ni gona da farar tuta. A nan ne jikokina suka ga sauƙi. Kana tsaye a kan kunya, jirgi ya nufo ka daidai tsayin kanka, sai ya kusa ka matsa gefe zuwa layi na gaba, ka sake tsayawa. Abin da ya fesa wa tsutsa, kai ma ya fesa maka. Da yamma kai na sarawa, yawu na zuba, ido ya ƙanƙance, a ba ka nono ka sha a ce ya wanke ciki. Bai wanke komai ba. Kifi ya taso ya mutu a tur'a, tsuntsaye su zube a bakin gona. Masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gona, su kawo maka shayi suna lallashi ka daɗe a kan tasu don ta samu kashi biyu. Abokaina na tuta babu wanda ya kai shekaruna. Rawar hannun nan da kuke gani ina zubar da shayi, daga can na ɗauko ta.

Bayan Turawa sun fara raguwa aka kawo mana Kyaftin Salah, saurayi Balarabe ɗan arewacin ƙasar nan, siriri, mai dariya da dukan haƙoransa. Ban ga matuƙi mai bin doka irinsa ba. Ko sau nawa ya sauka a yini, sai ya kewaya ya dubi ƙyalle kamar yau ya fara zuwa. Sauran suna yi masa ba'a, wai yana ƙona mai a banza. Yana kiran Baba Tukur Ammu, wato baffa, ni kuwa Shu'aib, ya kasa ƙarasa sunan. In an tashi aiki sai ya bi mu cikin gari neman agashe, tsiren ƙasar nan, ya ci yaji har hawaye su zubo, yana cewa da Hausarsa ta koyo, "Akwai daɗi, akwai wahala." Ya taɓa ce wa Baba Tukur, "Ammu, ni ban san ƙasar nan ba. Ƙyallenka na sani." Baba Tukur ya ce masa ya rage surutu ya sha shayinsa, amma na ga ya ji daɗi.

Sai muguwar shekara ta zo. Damina ta ƙi ɗaukewa a lokacinta, tur'a ta ɓalle, hanyar lori ta zama tafki. Jirage suna Madani suna jiran ƙasa ta bushe, mu kuwa mun gitta ƙyalle mun zauna. A cikin wannan ruwa amai da gudawa suka shigo gari. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar a ɗauke shi. Dammuriyar da ke kanti ta ƙare, ta akwatunan tsofaffi da suka tanada wa kansu don likkafani ita ma ta ƙare. Muka tura mutum bisa raƙumi ya kai maganar baki ofishin aikin: fili ya jiƙe, mutane na mutuwa, babu magani.

Malam Bello liman ne ya fara zuwa rumfarmu. Ya yi sallama, ya tsuguna.

"Tukur, ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani, Malam."

Baba Tukur ya buɗe akwati ya ba shi na ajiya. Babu wanda ya ga laifin wannan, ƙyallen da ke kwance ne. Suka ɗan kai mu, suka ƙare. Sai ga Malam ya dawo, wannan karon saboda wata tsohuwa baƙuwa da ta yada zango a garinmu a kan hanyarta ta Makka, da wata mai jego da jaririnta. Bai dubi akwati ba, fili ya duba.

"Malam, wancan na gitte shi ka hana mutum sauka cikin taɓo," in ji Baba Tukur. "In na ɗauke shi, na ce ma jirgi bisimilla."

"Wane jirgi, Tukur, cikin wanga ruwa? Musulmi uku na kwance. Cikin tabarma za mu sa su?"

Ku da kuke ganin aikin wasa ne, ku gaya mini amsar da za ku ba shi. Dogon ya sha mai da laka, na gitte ya fi tsabta, shi ya dace da gawa. Na ji tausayin Baba Tukur. Can ya ce zai bayar, amma da sharaɗi: duk mai farin rawani a garin ya kawo aro, a jera su a madadin ƙyallen har a samu wani. Malam ya ce wannan mai sauƙi ne, ya warware nasa a nan take. Kafin yamma dattawa sun kawo nasu, Baba Tukur ma ya sa nasa. Rawanin ƙasar nan kun san tsawonsa. Muka jera su gefe da gefe, muka danne da duwatsu, na hau kan ganga na duba, alama ta fito sarai har ta fi ta da. Baba Tukur ya bi su ɗaya ɗaya yana cewa kada wanda ya taɓa nasa sai ya faɗa masa. Kowa ya ce to.

Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Fili ya yi ɓawon nan mai kyau, amma sanda tana shigewa har rabi. Ana cikin haka ciwon ya kama Baba Tukur, aiki ya dawo hannuna. Ranar Juma'a da hantsi na taka fili, na gyara duwatsu, rawuna suna nan cif. Juma'a ba a feshi, ba a taɓa yi ba. Na wuce gidan Baba Tukur na zauna ina ɗura masa ruwan gishiri da cokali har aka yi kiran salla.

Na isa masallaci Malam ya riga ya hau. Na samu wuri a sahun baya na zauna. Da na ɗaga kai, sai na ga ƙeyoyin dattawa a gabana, kowace da rawani. Na dubi na kusa da ni, ga baƙar laka a gefensa, ga shatin dutse. Na dubi Malam, shi ma nasa na kansa. Daga baya na ji yadda aka yi. Malam ya ga ba zai yi huɗuba da kai haka ba, ya je ya ɗauki nasa da niyyar mayarwa bayan salla. Wani ya gan shi, ya ce ai nawa ɗaya ba zai rage komai ba. Na gaba ma haka. Babu wanda ya yi da mugunta. Dattijo dai ba ya zuwa Juma'a kamar yaro, kuma kowa ya san Juma'a jirgi ba ya zuwa.

Ina wannan tunani na ji ƙarar inji daga arewa.

Ana huɗuba ba a magana, ba a tashi. Na tsallake mutane na fita ko takalmi ban ɗauka ba. Tsakanin masallaci da fili akwai gari, akwai tur'a. Ina gudu ina ganin sa. Ya zo ta bisa kamar kullum. Ya karkata ta hagu. Ya kewaya a hankali, yana duba. Ya sake kewayawa, abin da ba ya yi, na san zuciyarsa ba ta kwanta ba. Na tuɓe riga ina kaɗawa ina ihu, amma itatuwan bakin tur'a sun rufe ni, shi kuwa ba ni yake nema ba, ƙyalle yake nema. Abin da ke fili a lokacin dogon ne shi kaɗai, fari tas a kan baƙar ƙasa, da rawanin Baba Tukur guda ɗaya da iska ta cukwikwiye a gefe.

Ina cikin ruwan tur'a har ƙirji lokacin da ya sauko. Saukar ta yi kyau, tayoyin suka taɓa a hankali, suka ɗan gudu bisa ɓawon. Sai ɓawon ya fashe. Hancin ya kafe a laka, wutsiya ta tashi sama, jirgin ya kife a bayansa. Wuta ba ta tashi ba. Inji ya mutu, wurin ya yi tsit.

Na same shi a rataye cikin ɗamararsa, kansa a karkace yadda kai ba ya karkacewa. Idonsa a buɗe, ya gane ni.

"Shu'aib," ya ce. "Wahid. Ɗaya na gani."

"Na sani, Kyaftin. Kada ka yi magana."

Na yi ta laƙana masa kalmar shahada, ya amsa abin da ya iya. Kafin mutanen masallaci su iso ya cika. A bayan kujerarsa muka ciro kwali naɗe cikin buhuna, an ɗaure shi tam da igiya, da jan ƙyalle a jiki. Magani ne. Duk wanda ya san aikin ya san ma'anar wannan ɗauri: ya shirya in ya tarar da alamar gitte ya sauko ƙasa-ƙasa ya jefo mana ya koma. Saƙonmu ya isa gare shi duka. Bai yi ganganci ba, bai tsallake ko ɗaya daga cikin dokokinsa ba. Ya tambayi fili, fili ya ce masa sauko.

Wannan shi ne abin da nake so ya shiga kanku, ko ba za ku taɓa ganin jirgin feshi ba. Da babu ƙyalle ko ɗaya, da ya san ba kowa a fili, da bai amince ba. Rabin alama ya fi rashin alama haɗari. Daga ranar, duk wanda na koya wa aikin, na farko da nake gaya masa shi ne: in ba za ka tsaya kan alamarka ba, naɗe ta duka ka tafi da ita.

Babu hanyar kai shi ga danginsa, ga zafi. Dole a binne shi a ranar. Aka ɗauko Baba Tukur bisa gado, don ya rantse sai an kawo shi. Aka ajiye shi a inuwar fiffiken. Ya dubi jirgin, ya dubi kawunan mutane, bai yi faɗa ba. Wallahi na so ya yi, da ya fi sauƙi. Malam Bello ya warware rawaninsa ya ajiye a ƙasa, ya ce a suturta Kyaftin da shi. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har suka yi tsibi.

"A'a," in ji Baba Tukur, muryarsa da ƙyar take fita. "Shu'aibu, ɗauko dogon. Shi ya kira shi, shi za ya raka shi."

Ni na ɗauke duwatsun, ni na wanke ƙyallen a tur'a, na yanke inda mai ya ɓata. Muka yi wa Kyaftin salla a bakin filin, muka kai shi maƙabartarmu, kusa da tsohuwar nan mai zuwa Makka. Maganin da ya kawo ya tashi mutane da yawa, har da ɗiyata, uwar wannan mai taraktar. Baba Tukur bai tashi ba.

Tsibin rawunan kuwa babu wanda ya koma ya ɗauki nasa. Da su aka suturta sauran waɗanda ciwon ya ɗauka, Baba Tukur a cikinsu. Da Juma'a ta kewayo, Malam Bello ya hau da hula zalla. Bai hana kowa naɗi ba, amma da lori ya dawo da sabuwar dammuriya, ba wanda ya yanki ta rawani. Na ci gaba da aikin har aka tashi filin aka noma shi. Yanzu dawa ce a wurin.

Don haka in Larabawan kasuwa sun sake yi muku tsiyar hula, kada ku ce musu al'adar kakanni ce. Ku ce musu wani ɗan'uwansu ne yake kwance a wurinmu, kuma har yau ba mu iya haɗa ido da shi da rawani a ka ba.